Shekarar da Aka Jira Gwanki

Jiya ina zaune a kan benci a ƙofar garejin ɗana a nan Kazaure, na ji ku yaran gareji kun haɗa kai a kan waya kuna gardama a kan wani babur da aka ce zai fito, mai hawan dutse da keta rairayi. Wannan ya ce zai saya, wancan ya ce shan mai zai talauta mai shi, alhali ko inuwarsa ba wanda ya gani a cikinku. Sai ɗayanku ya ce ai ko ya zo gyaransa ba wuya, kanikanci ba komai ba ne illa kwance ka jefar, ka ɗaura sabo. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wannan gardamar taku ta girme ku. Ni a kaina aka yi ta, kuma saura ƙiris ta ci wuyan yayana da muke ciki ɗaya.

Aikin farko da maigidana Baba Audu ya ba ni ba kwance inji ba ne. Shi Baba Audu ya yi aikin jirgin ƙasa a Kano kafin ya dawo gida ya buɗe rumfar gyaran keke da babur, kuma a can aikinsa shi ne bin ƙafafun jirgi da guduma yana ƙwanƙwasawa. Ranar da aka kai ni wurinsa, ya rataye tsofaffin ƙarafa da igiya a reshen darbejiya, ya miƙo min wata 'yar guduma mai ƙota ta itacen kanya, ya ce in buga kowanne in gaya masa wanne ne marar lafiya. Na buga, na ce duk ɗaya ne. Ya ce, "Kai, ka taɓa ganin uwarka ta sayi tukunya ba ta ƙwanƙwasa ta ba? Ƙarfe lafiyayye yana amsawa. Mai tsaga shiru yake yi, ko ya amsa da murya irin ta mai mura." Na daɗe a gindin bishiyar nan ina bugun ƙarfe kamar mahaukaci kafin ya yarda in taɓa sifana. Daga baya ya koya min na biyun: idan kunne ya yi zargi, sai a shafa kananzir a wurin, a goge tas, a barbaɗa toka mai laushi, a sake bugawa. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya ja layi a jikin tokar siriri kamar zare.

Ku yanzu in kafireto ya toshe kun jefar, in fulogi ya yi baƙi kun jefar. Mu a lokacin kayan gyara sai an je Kano, kuma ba kullum ake samu ba. Fulogi mu kankare shi da yashi, sarƙa mu dafa ta a cikin giris a kan murhu, gaskit mu yanka shi daga kwalin sukari. Kuma bakanike ba ya zama jiran aiki. Akwatin katako ne da ni a bayan keke, ciki da sifanoni da filaya da sukundireba da famfo da kayan faci da guduma biyu, babba da ƙarama, ina bin kasuwanni da shi. Yau Roni, wata rana Gwiwa, in hanya ta yi kyau har Babura a bayan motar hatsi. Inda masu babur suka ajiye baburansu, nan zan shimfiɗa buhu in zauna.

Akwatin nan da duk abin da ke cikinsa, ban da ƙaramar gudumar da Baba Audu ya bar min, yayana ne ya saya min ranar da aka yaye ni. Yaya Garba, wanda aka fi sani da Garba Mai Fata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon sana'a, kuma shi kaɗai ne yake kirana Auta har na yi gemu. Sana'arsa sayen fatu a kasuwannin ƙauye, ya ɗauro su a babur ya kawo Kazaure. Mutum ne mai kyauta da zuciya, amma in ya faɗi magana a gaban mutane, to ko ruwan sama ya ce ba ya jiƙa mutum, sai dai ka ce haka ne.

Shekarun nan kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, babura suka cika gari. Malamin gona da babur, malamin makaranta da babur, mai shayi ma yana tambayar farashi. Amma baburan nan na kwalta ne, mu kuwa kwaltarmu ɗaya ce, wadda ta zo daga Kano ta wuce Daura. In ka sauka daga kanta, yamma duwatsu, gabas rairayi, da damina kuma fadama. Rabin aikina a lokacin gyaran gindin inji ne da dutse ya fasa da miƙe salansar da ta lanƙwashe.

To a cikin haka ne wani direban babbar mota, Isiya, ya sauka shan shayi kusa da rumfata ya ce a ƙetaren iyaka ya ga wani Bature a kan wani irin babur. Dogo ne, in ji shi, tayarsa da haƙora kamar na kada, madigadin gaba a can sama, salansa a ɗage kusa da cinya, kuma da idonsa ya ga ya hau tudun rairayi bai ko sauke ƙafa ba. Ya ce ya ji ana cewa kafin ƙarshen shekara za a kawo shi Kano. Kafin a yi kasuwa biyu labari ya karaɗe ƙasar nan, har an raɗa masa suna Gwanki saboda tsawon ƙafa. Wanda ya ji daga bakin Isiya ya ƙara masa tsawo, wanda ya ji daga bakin wannan ya ce yana iyo.

Ina gyaran birkin Malam Sani, malamin gona mai zagayen ƙauyukan Babura, aka yi gardamar da na fi tunawa. Masu babur sun cika rumfar, kowa da nasa.

Malam Sani ya ce, "Ni dai ba ruwana da tsawo. A rairayi ƙafarka ita ce tayarka ta uku. Babur ɗin da ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba, ranar da ya zame wa zai tare ni?"

Wani mutumin Gwiwa ya ce shi salansar ce ta burge shi, don ya gaji da tura babur a fadama yana tsiyayar ruwa kamar jiƙaƙƙiyar kaza. Wani ya ce in tayar tana da haƙora to a kwalta za ta cinye cikin wata guda. Wani ya ce ai Turawa ba za su kawo mana mai kyau ba, ragowa za a turo. Masu hali suka daina gyaran tsofaffin baburansu, wai ba za su yi wa gawa kwalliya ba tunda Gwanki yana hanya.

Yaya Garba kuwa shi ne limamin masu son Gwanki. Ya ce, "Ku mutanen rairayi ba ku san wahala ba. Ku zo Roni ku ga yadda dutse yake cin gindin inji. Asirin babur ɗin nan ɗaya ne, tsawo. Duk wanda ya ɗaga babur ɗinsa ya yi Gwanki, ba sai ya jira Bature ba."

Wannan maganar ita ta jawo komai. Da yamma ya turo babur ɗinsa rumfata, ya dafa ƙafafun gaba, wato sandunan ƙarfe biyu da suke riƙe da tayar gaba, waɗanda muke kira fok. Ya ce, "Auta, yanke min su, ka ƙara min taƙi guda."

Na ce, "Yaya, da me za a ƙara?"

"Da bututun famfo mana. A yi walda a goge."

Na durƙusa ina wasa da sifana don kada mu haɗa ido. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Duk nauyinka da na fatu, in ka taka birki a gangare, a kan sandunan nan yake sauka. Ƙarfen da aka yanke aka liƙa ba ya komawa ɗaya. In salansa ce zan ɗaga maka, in faranti ne zan sa maka a ƙarƙashin inji ya tare dutse, amma wannan ba zan iya ba."

Ya dube ni ya ce, "Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

Na ci gaba da juya sifanar a hannuna. Ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Akwai wani mai walda da ya zo garin a shekarar, Tanko, da tukunyar gas ɗinsa. Ba zan zage shi ba, gadajen ƙarfe da ƙofofin da ya yi har yau wasu suna nan. Sai dai shi abin da aka kawo masa shi yake liƙawa. Ya yi wa Yaya Garba aikin, ya goge wurin ya shafa baƙin fenti, ko alama ba ka gani. Babur ya tashi sama kamar raƙumi ya miƙe da ƙafafun gaba. Aka raɗa wa irinsa suna ɗagagge, mutane suka yi ta kai nasu. Yaya ya riƙa wucewa ta gaban rumfata yana murɗa totur, ba ya tsayawa. Gaskiya kuma ya yi wata da watanni yana bin duwatsu da shi ba abin da ya faru, har na fara tunanin ko tsoro ne kawai irin na almajiran Baba Audu.

Kasuwar Roni ta bayan Babbar Sallah ita ce kasuwar fatu, don kowane gida an yi layya. Na isa da hantsi na shimfiɗa buhuna a inda ake ajiye babura, a gindin wani dutse. Ina faci sai na ji ana ta magana ɗaya. Ashe Yaya Garba da mutanen Babura sun sake haɗuwa, gardama ta yi zafi, har ya ce bayan azahar zai ɗaure fatunsa gaba ɗaya ya sauka da su ta hanyar awaki, wata 'yar siririyar hanya da ta gangaro ta bayan dutsen ta yanke zagayen da motoci suke yi. Masu jaki ma sukan sauke kaya su bi ta da ƙafa. Ya ce kowa ya zo ya ga abin da tsawo yake yi, in ɗagagge ya yi wannan, to su ƙiyasta abin da Gwanki zai yi.

Babur ɗinsa yana jingine taku kaɗan daga inda nake. A sana'armu akwai ladabi: ba ka taɓa babur ɗin da ba a miƙa maka ba, balle aikin wani mai sana'a. Na yi ta kallonsa ina kawar da kai. Da aka tafi salla wurin ya yi shiru, na idar da tawa da sauri a nan gefe, na ɗauki ƙaramar guduma. Na buga sandar hagu daidai wurin waldar, ta amsa, ba sosai ba amma ta amsa. Na buga ta dama. Shiru, kamar ka bugi ɗanyen ice. Na sake bugawa a sama da wurin, na sake a ƙasa, na dawo kan waldar. Na tsorata ƙwarai, irin tsoron da ban taɓa yi a kan aiki ba.

Na ruga wurin mai ƙosai na roƙi toka, na tsiyayo kananzir daga kwalbata. Ina shirin shafawa aka fara dawowa daga masallaci, Yaya a gaba, mutane a bayansa, wasu sun riƙo masa ɗaurin fatu.

Ya ce, "Me kake yi a jikin babur ɗina?"

Na matsa kusa da shi na rage murya yadda ba mai ji. "Yaya, don Allah mu koma gefe, magana zan gaya maka."

"Faɗe ta a nan. Ba ni da abin ɓoyewa."

"Ƙafar dama ta tsage. Ka ba ni ɗan lokaci in shafa toka ka gani da idonka."

Wani daga baya ya ce, "Toka? Babur ne ko mai ƙaiƙayi?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai haushi nake ji an kai aiki wurin Tanko. Na ga fuskar Yaya ta canza. Da mu biyu ne, wataƙila da ya saurare ni. Amma ga mutanen Babura suna kallo, ga ƙanensa da ya goya yana neman ya koya masa hankali a tsakiyar kasuwa.

Ya dafa sandar ya girgiza ta da ƙarfi. "Ga ta nan. Ina tsagar?"

"A ƙarƙashin fenti take, Yaya. Ba ta amsawa."

"To ni ma ba na amsawa. Matsa."

Aka shiga ɗaure fatu. Aka ɗora a kariya, wato maɗaurin kaya na baya, har suka wuce kansa, aka ɗora wasu a kan tanki. Ina tsaye ina kallon gaban babur ɗin yana nutsewa da nauyi. Na nemi Malam Sani da ido, don shi babba ne, ko zai sa baki. Ya matso ya ce, "Garba, ko dai a bar shi ya duba? Rigakafi ya fi magani." Yaya ya ce, "Malam, ka ji tsoron ka sha kunya ne?" Malam Sani ya ja da baya. Yara sun riga sun hau kan dutse suna neman wurin kallo. Daga inda nake ina hango hanyar: gangare mai tsayi, sannan kwana, a ƙasan kwanar kuma manyan duwatsu. A kwanar nan dole ya taka birki.

Na yi tunanin in zare fulogi, amma yana da wani a aljihu, kowane mai babur yana da shi. Na yi tunanin in sace iskar taya, ga famfo a kowane lungu. Na yi tunanin in riƙe shi, amma ƙane ba ya kokawa da wansa, kuma ko na riƙe shi yau, gobe zai sauka. Ya tattare rigarsa ya hau, ya taka kik, inji ya tashi. Ya ce bismillah.

Na buɗe akwati na ɗauko babbar guduma. Na sha gabansa, na ɗaga da hannu biyu na sauke ta a kan waldar dama.

Ba ta karye ba.

Inji yana ta ƙara. A wannan ɗan lokacin na ce a raina shi ke nan, kunnena ya yaudare ni, na bugi dukiyar yayana a gaban duniya a banza. Wani ya riƙo min kafaɗa yana salati. Na fizge na sake bugawa. Sai ji muka yi ƙas, sandar ta rabu biyu, ta hagu ta lanƙwashe, babur ya durƙusa da gaba, Yaya ya zame ya faɗi a kan fatunsa.

Aka yi kaina. Wannan ya riƙe min hannu, wancan ya ƙwace gudumar, wasu suna cewa a kai ni wurin mai gari, wasu suna cewa aljanu ne. Ina ta ƙoƙarin in leƙa bakin karayar, amma Yaya ya riga ni. Ya miƙe ya ja fata ɗaya ya rufe gaban babur ɗin. Ya karkaɗe rigarsa, bai mare ni ba, bai zage ni ba, da ma ya yi. Ya ce wa mutane, "Ku sake shi. Ni na saya masa gudumar." Aka ɗora babur da fatu a motar kasuwa, ya hau gaba, bai waiwayo ba.

Washegari na je gaida Baba Audu, lokacin ƙafa ta hana shi fita. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ka ga bakin karayar?" Na ce ban samu gani ba. Ya ce, "To shaidarka tana can. Tsohuwar tsaga baƙa ce da tsatsa, sabuwar karaya fara ce fat kamar gishiri. In duk fari ne, kai ka karya masa babur. In akwai tsatsa, ka san abin da ka yi." Na ce ai ƙarfen yana hannun Yaya. Ya ce, "To sai haƙuri."

Wannan ita ce muguwar shekarata. A kasuwanni aka sa min suna Haruna Karya-Babur. In na shimfiɗa buhu, sai in ga mutum ya zo ya janye babur ɗinsa daga kusa da ni. Kowa cewa yake wane ƙarfe ne za a yi wa bugu biyu da babbar guduma bai karye ba? Wanda ya hana haɗari kuwa ba shi da abin nunawa. Sauran ɗagaggun kuma Allah ya tsare, ba wanda ya karye a gaban jama'a. Masu su dai suka gaji da faɗuwa a rairayi saboda ƙafa ba ta kai ƙasa, suka riƙa mayar da su yadda suke a ɓoye. Waɗanda ba su guje ni ba kuma suna jiran Gwanki ba sa gyara. Na koma facin keke da gyaran fitilar ƙwai da injin niƙa. Yaya ya sayo sabon fok daga Kano, wani bakanike ya ɗaura masa. In na je gaishe shi sai ya amsa, lafiya lau, ya ci gaba da abin da yake yi. In dole ta sa ya kira ni, Haruna yake cewa. Innarmu ta yi magana har ta gaji. Ni kaina akwai ranakun da nake ɗaukar ƙaramar gudumar in bugi ƙarafan rumfa ɗaya bayan ɗaya, ina gwada ko kunnena yana nan.

Gwanki bai zo a ƙarshen shekarar ba. Sai da wata damina ta wuce, mutane har sun fara mantawa, wata safiya motar masu awon hanya ta tsaya a gaban rumfata, don ita ce ta fi kusa da kwalta kuma ba kowa a cikinta. A bayan motar ga shi a ɗaure. Mai shi, wani saurayi ma'aikaci, ya ce tun jiya ya ƙi tashi. Fulogi ne kawai ya jiƙe da mai, na kankare na mayar. Amma kafin in gama, labari ya kai tasha ya kai kasuwa, masu babur sun cika wurin har kan titi.

Gani ya kori ji. Dogo ne, tayar da haƙora, salansa a ɗage, Isiya bai yi ƙarya ba. Sai dai siriri ne kamar ɗan akuya, sirdinsa ɗan mitsitsi, tankinsa ƙarami, kuma ba shi da kariyar ɗaura kaya ko kaɗan. Malam Sani ya zagaya shi ya ce, "To ina zan ɗora buhun taki?" Mutumin Gwiwa ya taɓa salansar ya ce wannan ai babbar riga za ta ci. Wani ya ce in ka goyo iyali a kan me za su zauna? Kowa dai ya ce da ma shi ya faɗa. Mai babur ɗin yana ta dariya, ya ce wanda yake so ya ɗana. Aka ce a jira Garba Mai Fata, ai shi ya fi cancanta.

Ya ɗan jima bai zo ba, ashe da ya ji a rumfar wa abin yake, gida ya fara komawa. Ya iso da tsohon babur ɗinsa ya jingine. Aka buɗe masa hanya. Ya zagaya Gwanki a hankali, ya dafa hannun, ya tattare riga kamar zai hau. Sai ya tsaya.

Ya ce, "Auta."

Na ɗago kai, ban tabbata da ni yake ba.

"Ɗauko ƙaramar gudumar. Ba na hawa sai ka ji min shi."

Na nemi izinin mai shi, na buga ta hagu, ta amsa. Na buga ta dama, ta amsa, murya ɗaya tas. Na ce, "Lafiya lau yake, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani abu a naɗe cikin guntun fata, ya warware ya miƙa wa Malam Sani. Guntun sandar nan ce. Bakin karayar kusan duka baƙi ne da tsatsa, sai ɗan gefe guda, bai fi faɗin farce ba, yake fari. A kan wannan ɗan farin ya yi niyyar sauka dutsen Roni.

Ya ce, "Malam, a zagaya da shi kowa ya gani. Tun a cikin motar da ta dawo da ni ranar na ɗaga fatar na duba. Bakina ne ya yi nauyi."

Ƙarfen ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ana ta salati. Ni kuwa na sunkuya ina tattara sifanoni da ba su warwatse ba, don idona ya cika. Yaya bai hau Gwanki ba. Ya ce abin da ba shi da wurin ɗaura fata ba nasa ba ne. Ya turo tsohon babur ɗinsa cikin rumfa ya ce sarƙar tana kuka, in duba masa. Ya rayu har ya ga jikokinsa, ya rasu a kan gadonsa, Allah ya jiƙansa.

Guntun ƙarfen nan shi ne wanda yake rataye da igiya a bakin ƙofar garejin, wanda kuke saƙala wayar caji a jikinsa kuna tambayar me tsoho yake yi da shara. Kusa da shi na rataya wasu ƙarafa tun da safe, a cikinsu akwai mai tsaga. Ga ƙaramar gudumar nan. Wanda ya ce kwance ka jefar ne, shi zai fara.